Cokali Bakwai na Sufeto

Yayata ba ta iya ƙarya ba. Ba yabonta nake yi ba, ƙorafi nake yi, don ni na sha wuyar wannan hali tun muna yara. In na fasa gilashin fitila na ce mage ce, Yaya ba za ta tona ni ba, amma za ta tsaya tana kallon ƙasa tana murza bakin zane har Baba ya gane cewa magen nan ƙafa biyu gare ta. Yanzu shekararta sittin da huɗu, ni hamsin da bakwai, kuma har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa ana nemana na yi mata alama da hannu, sai ta leƙa ta ce, "Tana ciki, amma ta ce a ce ba ta nan." Wannan matar ce ta yi wata tara tana ha'intar mijinta a awo, mijin da ya ƙare rayuwarsa yana kama masu ha'inci a awo.

Mahaifinmu kayan marmari yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma a nan Yaya ta koyi abin da aka san ta da shi, wato haɗa abin sha, ko da yake ba ta taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba. Duk yamma akwai abin da ba zai kai gobe ba: lemun da ya yi laushi, abarbar da gefenta ya fara tsiyaya, kankanar da ta faɗo ta tsage. Baba ya kwaso ya kawo gida, Yaya ta yanke inda ya lalace ta matse sauran, mu shida mu jeru da kofuna. Da haka ta san lokacin kowane abu. Kankana ƙwanƙwasa ta take yi ta kasa kunne. Abarba a gindi take shinshina ta. Lemun tsami mai santsin bawo take zaɓa, ta ce mai kaushi duk fata ce, ba ruwa. Kuma ba ta yarda da abin da ya zo ba a lokacinsa ba. In ta ga mangwaro a tsakiyar sanyi sai ta ɗauke kai ta wuce, kamar sun taɓa faɗa.

A rumfar Baba ta gamu da mijinta. Lokacin saurayi ne siriri, sabon ma'aikaci a ofishin duba ma'auni, irin masu zagaya kasuwa da akwatin duwatsun awo suna gwada sikelin 'yan kasuwa. Ranar da ya zo ana rana mai tsaga kai. Ya gwada sikelinmu ya same shi daidai, Yaya ta miƙa masa ruwan lemun tsami mai sanyi. Mako na zagayowa ya dawo ya sake gwada sikelin. A zuwa na shida Baba ya ce masa, "Yaro, sikelin nan ya gaji da kai. In wani abu kake nema ban da shi, ka faɗa."

Tun daga nan kowa Sufeto yake kiransa, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Shekara talatin da biyu ya yi a bakin aiki, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne, cewa ba a taɓa cutarsa a awo ba. Mun sha labarin har mun haddace. Wanda ya liƙa mayen ƙarfe a ƙarƙashin sikeli, wanda ya fafe cikin dutsen awo ya cika da toka, da waɗanda ya fi jin daɗin kamawa, masu buga gindin kwanon awo ya shige ciki. "Mai saye bakin kwano yake kallo," in ji shi, yana nuna mu da yatsa kamar mu muka buga. "Ba mai duba zurfi. A nan ake cin ku." Yaya tana jin wannan karatu tana tankaɗe ko tana yankan albasa, ashe tana ɗauka.

Suna zaune a hawa na biyu na wani dogon gini, ni kuma ina ɗakin da ke kallon nasu tun bayan rasuwar maigidana, tsakaninmu taku huɗu. Kicin ɗin Yaya ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Ƙarfe huɗu na yamma Sufeto zai jawo kujerar roba ya dasa a bakin ƙofar kicin. Yaya ta gama haɗa abin shan ranar, ta ɗebi na kowa ta ajiye, sannan ta cika nasa a wata babbar moɗa mai marfi da ke cin kofi huɗu. Sai a zo wajen sukari. Cokali bakwai, da wani cokali guda da ke kwana cikin gwangwanin sukarin, wanda shi da kansa ya zaɓa ya auna a makon aurensu. Kowane cokali sai an share samansa da bayan wuƙa ya kwanta daidai da baki. Tozo ba ya shiga moɗar Sufeto. Ya ce tozo ƙofar ha'inci ce, yau ya yi tsawo gobe ya gajarta, amma shafaffen awo abin dogaro ne. Shi yake ƙirgawa, da ƙarfi, kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya lissafi. In ya ce "bakwai" ya karɓi moɗarsa, an tashi daga aiki.

Bara, wajen ƙarshen damina, sabon takalmi ya ci masa babban yatsan ƙafa. Ɗan ƙurji ne, amma ya yi wata bai rufe ba. Da ƙyar muka tura shi asibiti. Likita ya auna jininsa, ya kalli takardar, ya goge tabarau ya sake kallo. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jiki. Bai ɓoye mana komai ba. In sukarin bai sauka ba mikin ba zai rufe ba, in bai rufe ba yatsan zai tafi, kuma ba lallai ya tafi shi kaɗai ba.

Sufeto ya karɓi ƙwayoyin magani yana sha a kan minti. Ya rage shinkafa, ya rage burodi. Da aka zo kan moɗa sai ya kafe.

"Shekara arba'in ina shan bakwai," ya ce. "Yatsa ɗaya ne zai zo yau ya canza mini doka?"

"Malam, likita ya ce ƙafar ce gaba ɗaya," in ji Yaya.

"Likitan nan ina aiki aka haife shi."

Yaya ta fara bin hanyar da ta sani, wato gaskiya. Ta haɗa masa ruwan gwaiba ba sukari, ta faɗa masa babu. Ya ture moɗar ya sauka ƙasa. Kwana uku kujerar roba ba ta zo bakin kicin ba. A rana ta huɗu ina shanya a taga na hango shi a bayan kantin tsallaken titi, ya raɓe jikin bango yana kwankwaɗar lemun kwalba, yana waige-waige. Babban ma'aikaci mai ritaya, da furfura, da bandeji a ƙafa. Ya gama ɗaya ya buɗe ta biyu. Na je na faɗa wa Yaya, ina jiran ta yi faɗa mu taru mu yi. Ta shiga kicin ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Ranar na tsorata ƙwarai, don ban taɓa ganin Yaya ta rasa abin yi ba.

Washegari da safe ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, da wani abu a naɗe cikin hankici.

"Auta, raka ni kasuwa."

Haka take kirana har yau, ni da nake da jikoki. Muka ratsa 'yan kayan miya muka ɓulla bayan kasuwa, wurin wani tsoho mai gyaran tukwane. Ta warware hankicin, sai ga cokalin sukari. Ta ce ya buga cikinsa ya ɗan taso, kaɗan, yadda ba zai nuna ba, kuma faɗin bakinsa ya tsaya yadda yake.

Tsohon ya juya cokalin ya kalle ta. "Inna, ni tunda nake wannan aiki, mutane cokali mai zurfi suke nema."

"Kai dai buga."

"Maƙiyi za ki ba?"

"Mijina."

Ya kalle ni, ni kuma na kalli rufin rumfar. Ya kifa cokalin a kan maƙera ya ɗan daddaka shi da ƙaramar guduma, ya bi gefen da magagari, ya goge da tsumma. Ko ni da aka yi a gabana ban ga bambanci ba. A hanyar dawowa na ce mata, "Yaya, wannan fa ƙarya ce."

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. "Na buɗe baki na ce wani abu? Shi yake ƙirgawa."

Da yamma ta ce masa ya dawo ya sha a gida, bakwai ɗinsa na nan. Ya jawo kujera yana hura hanci, ya ci nasara. Ya ƙirga bakwai, ya sha, ya ce yanzu aka dawo hayyaci. Bayan mako uku muka koma wajen tsohon.

Cokali kaɗai ba zai yi aikin ba, dole abin da ke cikin moɗar ya rufa masa asiri, kuma a nan ne karatun rumfar Baba ya yi rana. Da kaka ga lemu ga gwaiba, suna da nasu zaƙin, amma wata ma'aikaciyar jinya a asibiti ta ja mata kunne cewa shi ma zaƙin kayan marmari yana shiga lissafi. Don haka lemu biyu kawai take matsewa, ta markaɗa kokwamba ta cike, ta murza bawon lemun a bakin moɗar don ƙamshi ya riga ruwan isa. Da sanyi ya shigo ta samu yadda take so. Ta ce abu mai ɗumi ya fi nuna zaƙinsa, don haka ta koma dafa citta da kirfa da kanumfari, wani lokaci da ɗan madara. Kirfa tana ruɗar hanci, hanci ya ruɗi harshe, citta kuma ta shagaltar da maƙogwaro. A sanyin nan kaɗai sau huɗu muka kai cokalin. Sufeto ya riƙe moɗa da hannu biyu yana lumshe ido yana cewa, "Uwargida, bana hannunki ya faɗa." Ita kuma ta ce, "Alhamdulillahi," ta juya masa baya tana wanke abin da ta riga ta wanke.

Akwai matsala ɗaya da ba mu hango ba. Duk Asabar Sufeto yake sayo ƙunshin sukari, kuma ya san ranar da ya kamata ya ƙare. Yanzu ba ya ƙarewa. Yaya ba ta iya zubar da abinci, sai ta riƙa juye rarar a leda tana tsallako mini da ita. Kafin sanyi ya fita kabad ɗina ya cika. Ni da ban ci ba ban sha ba, na zama ma'ajiyar kayan sata. Na ba maƙwabta, na ba mai shara, na kai gidan suna da gidan biki, har aka fara raɗe-raɗin cewa na fara sana'a a ɓoye.

Bazara ce ta kusa tona mu. Zafi ya sauko, Sufeto ya ce a kawo ƙanƙara. Yaya ta san ƙanƙara tana kashe harshe, abin da ya yi daidai da ɗumi sai ya zama salam da sanyi. Amma ya nace. Ta haɗa kankana da lemun tsami, ya ƙirga bakwai, ya kurɓa. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, ya tauna baki.

"Uwargida, yau kin sa suga kuwa?"

Na ga hannun Yaya ya nufi bakin zane. Na yi wuf na shiga tsakaninsu ina neman wani murfi da ban ajiye ba.

"Ai kai ka ƙirga, Malam," ta ce daga bayana, da wata 'yar siririyar murya.

"Na ƙirga kuwa. Bakwai cif."

"To."

Ya riƙa kaɗa moɗar yana leƙa cikinta. Can ya buga cinya. "Na gano su. Sugan zamani ne. Sun fara gauraya shi."

Daga ranar aka buɗe bincike. Ya ciro ɗan sikelinsa na aiki daga ƙarƙashin gado ya auna ƙunshin sukari, ya same shi cikakke, ransa ya ɓaci. Ya jiƙa wani a gilashi ya ɗaga wa rana yana neman gari. Ya canza kanti sau uku, ya bar masu kanti uku suna mamakin laifinsu. Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi uku ya ba ni in kai gidan waya, tana nan a kabad ɗina tare da sukarin. Ya tuhumi ruwan famfo, ya tuhumi firij, ya tuhumi kankanar bana. Cokalin ne kaɗai bai tuhuma ba, domin ma'aunin da ya riga ya amince da shi da hannunsa ba ya komawa kansa. Ga shi ciwon ya ɗan rage masa gani. Daga kujerarsa bakin cokali yake hangowa, fari tas, a shafe, yadda doka ta ce.

Yaya dai ba ta tsaya jiran sa'a ba. Ta daina jefa ƙanƙara a ciki, ta koma sanyaya moɗar a ƙasan firij. Ta rage lemun tsami, ta ce tsami shi ke kiran sukari. Ta ƙara na'a-na'a, ta riƙa jefa ɗan gishirin da bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba. Mangwaro kuwa, ga shi lokacinsa, birjik a ko'ina, amma yanka ɗaya take sa wa don launi da ƙamshi. Sufeto ya ce sabon kantin ya fi gaskiya. A zuwanmu na ƙarshe mai gyaran tukwane ya miƙo cokalin ya ce, "Inna, daga nan na tsaya. In na ƙara bugu ɗaya ya zama wuƙa."

Ruwan farko ya sauka a makon da muka koma asibiti. Likita ya warware bandeji ya danna yatsan, ya sake dannawa. Fata ta rufe. Ya duba takardar jini ya yi murmushi.

"Baba, madalla. Ka daina shan sukari ke nan?"

Sufeto ya gyara hula. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kafa wa kalandar bango ido ya ce, "Na daina, likita."

Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Ga mutum yana shara ƙarya iyakar ƙarfinsa, yana jin kunyarta, alhali gaskiya yake faɗa. Yaya kuwa ba ta ma ji ba. Yatsan take kallo, hawaye na bin kumatunta.

Da a nan labarin ya tsaya da mun ji daɗi. Amma Sufeto ba mutumin da zai gano abu ya bar shi a cikinsa ba ne. Tun a mota ya fara. Likitoci ba su san awo ba. Ba sukari ke kashe mutane ba, rashin ƙa'ida ne. Cokali bakwai, shafaffe, ƙarfe huɗu, ga shaida nan a cikin takalminsa. Muna isa gida ya tsaya a ƙasan bene wajen Mai Agogo.

Mai Agogo maƙwabcinmu ne na ƙasa, yana da ɗan teburin gyaran agogo a ƙarƙashin matakala. Shi ma ciwon nan gare shi, shekara biyu yana bin dokar likita sau da ƙafa, yana shan shayi mai ɗaci yana haƙuri. Mutum ne mai ganin girman Sufeto, in Sufeto ya ce ƙarfe biyu ne sai ya gyara agogonsa. Muna hawa bene muna jiyo karatun.

Kwana huɗu bayan haka matar Mai Agogo ta hayo tana haki, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Sufeto ya fita aski.

"Ki ja wa mijinki kunne! Nawa ya zauna da gwangwanin suga a cinya. Na ce likita ya hana, ya ce Sufeto ya fi likita sanin awo. Jiya kwana ya yi yana zirga-zirgar bayi, yau ya ce ba ya ganin allurar agogo sosai. In wani abu ya same shi, wallahi a ƙofarku zan ajiye shi."

Da ta sauka na ce wa Yaya abin mai sauƙi ne, mu kira Mai Agogo gefe mu faɗa masa. Ta girgiza kai. Ba zai yarda ba sai daga bakin Sufeto, in ma ya yarda, kafin awa ɗaya ya hayo ya tambaye shi. Sannan ta nuna mini wata takarda a kan tebur. Ranar Asabar 'yan fansho suna da zama, mutum goma sha ɗaya, kusan rabinsu da ciwon nan, kuma Sufeto ya riga ya rubuta jawabi har da kanun magana.

"In kin faɗa masa zai koma bakwai na gaske," na ce. "Ko ya koma bayan kanti."

"Na sani."

"Ƙafarsa fa?"

"Na sani, Auta. Ƙafar mijin wata fa?"

Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin kaina. Wata tara muna wahala, ga shi za ta rushe da hannunta.

Ƙarfe huɗu ya jawo kujera, sabon aski sai ƙyalli. Ranar ta dafa bawon abarba da na'a-na'a, abin shanta na farkon damina, ƙamshi ya cika gidan. Ta cika moɗar. Ta buɗe gwangwani ta ciro cokalin, amma maimakon ta ɗebo sai ta fito ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya kalle ta, ya kalli cokalin. Babban yatsansa ya shiga neman zurfi bai samu ba. Ya juya shi, ya ɗaga shi saitin ido ta gefe, yadda ya sha nuna mana ana yi wa kwanon awo. Ya ce in miƙo masa tabarau da sikeli. Ya ɗebo bakwai da kansa, yana sharewa da wuƙa, wannan karon ba a jin ƙirgarsa. Ya auna. Bakwai ɗin ba su cika cokali ɗaya da rabi na gaskiya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Sau nawa aka buga?"

"Goma sha ɗaya."

Ya shafa bakin cokalin. "Har ya bi gefen da magagari."

"Ya bi."

"Aiki ya yi kyau," ya ce, da muryar da ba tasa ba. Shekara arba'in ina tsokanar mutumin nan, amma a lokacin tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Ya ɗago. "Auta ta sani?"

"Sugan yana ɗakinta," in ji Yaya. Na gode mata a zuciya yadda ya kamata.

Ya ajiye cokalin a cinya. "Ɗauko cokalin gaskiya. Ki sa mini bakwai."

Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga mini hannu. Ta ciro cokali daga cikin na cin abinci, ta ɗebo, ta share, ta zuba. Tana yi tana haɗiye kuka. Ya ƙirga har bakwai. Ta juya ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya cika baki. Sai kumatunsa suka tsaya a kumbure. Idonsa ya firfito, ya kalli hagu ya kalli dama, ba wurin tofarwa. Ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan maganin tari. Taurin kai ya sa ya sake kai moɗar baki, leɓensa ya taɓa, ya janye. Ya ajiye ta a ƙasa nesa da shi.

"Ba ni ruwa."

Na ba shi. Ya kuskure baki ya shanye.

"Wannan kika riƙa ba ni shekara arba'in?"

"Shi kake nema."

"Kin lalata mini harshe."

"Na lalata," ta ce. "Likita ya ce ƙafa, kai ka ce harshe, ni kuma ba zan iya ceton duka biyun ba. Na ha'ince ka, Malam, ban musa ba. Ka yi fushi da ni iya son ranka, amma ka yi shi da ƙafarka biyu."

Ya daɗe zaune yana kallon tsakanin ƙafafunsa. Sannan ya jawo takalmansa ya sa, ya ɗaure igiya a tsanake, ya jefa cokalin a aljihun gaba, ya fita bai kalli kowa ba. Ban san ko bayan kanti ya nufa ba, ita ma ba ta sani ba.

Yaya ta bi shi zuwa bakin ƙofa ta tsaya. Ta jingina da bango, ido a rufe, tana sauraron takunsa a kan matakala, dama da hagu, ba ɗingishi, har ya kai ƙasa. Muka kasa kunne mu ji ƙarar ƙofar titi. Ba a buɗe ta ba. Sai muryarsa ta taso ta cika benen, muryar nan ta kasuwa da ke sa 'yan awo ɓoye kwano.

"Mai Agogo! Ajiye gwangwanin nan ka fito. An cuce ni a awo, ni kuma na cuce ka."